Ranar da Na Buɗe Intabiyu da Addu'a

Da na bar aikin malamin gona, an yi mini liyafa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Aka ba ni agogon bango da hotona a cikin gilashi, kowa ya tashi ya yi jawabi a kan hutawa. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya ce in je in huta. Wanda ni na koya masa bambancin takin zamani da gishiri shi ma ya ce in je in huta. Ni kuwa ban ce wa kowa na gaji ba. Takarda ce ta ce na kai sittin. A lokacin ina hawa babur daga Kafanchan zuwa Gwantu in dawo, ban nemi mai danna mini baya ba.

Ɗan abin da na tara na zuba shi a citta, kamar yadda kowa yake yi a ƙasarmu. Shekarar farko na ga haske. Ta biyu sai cutar nan ta shigo, ganye ya yi ɗorawa tun ruwa bai ɗauke ba, in ka tono saiwar sai ta narke maka a hannu tana wari. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa mutane noman citta, na tsaya a tsakiyar gonata a Fadan Kaje ina kallo, ba abin da zan iya yi. Fansho kuwa wanda ya san shi ya san shi. Yana zuwa in ya ga dama, in ya zo kuma ba ya ganin tsakiyar wata.

Babban ɗana yana Abuja. Ɗan kirki ne, abin haushin ke nan, don ba ka da inda za ka kama shi ka yi masa faɗa. Ya gyara ɗakin da ke bayan gidansa, ya sa fanka da talabijin, ya turo wa uwarsa hoton a waya. Ya ce mu tattara mu taho, ni in huta, ita ta riƙa ganin jikoki. Na san irin wannan ɗaki. Na ziyarci abokaina biyu a irinsa, na same su zaune da singileti suna jiran a kira su cin abinci, ba su san farashin mudun masara ba. Na ce masa ba zan zo ba, aiki zan nema, kuma ba aikin gadi ba, aikin da zai riƙe gidana kamar da. Muka ja, muka ja, har muka tsaya a kan magana ɗaya: in Kirsimeti ta zo ban samu ba, zai turo mota, ni kuma ba zan yi gardama ba. Na ba shi kalmata a gaban uwarsa, ita kuwa tun a daren ta fara tara kwali.

Neman aiki da furfura ya koya mini cewa babu abin da ya kai girmamawa araha a ƙasar nan. Na je Kaduna wurin wani da ya yi aiki a ƙarƙashina, yanzu yana da ofis mai sanyi da sakatariya. Yana ganina ya miƙe tsaye, ya rusuna, ya aika a kawo mini lemon kwalba, ya tambayi Mama, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi dariya, irin wadda ake yi wa jika in ya ce zai tuƙa mota. Ya rako ni har bakin titi, ya tsayar mini da keke-napep da kansa. Duk inda na je haka ne, lemo da rakiya. Da lemo yana zama aiki, da yanzu ni ne darakta.

Ƙungiyoyin agajin nan masu fararen motoci su ma na bi su. Suna son mutum mai dogon sanin aiki, wanda ya daɗe yana hulɗa da manoma, amma kada ya wuce talatin da biyar. Sai dai ko wanda ya fara aikin gona tun yana goye. Wata yarinya a ɗaya daga cikin ofisoshinsu ta tambaye ni ko na iya kunna kwamfuta, tana ɗaga murya tana jan kalmomi, sai ka ce furfura a kunne take fitowa.

Wani abokina da muka yi makaranta tare ya ba ni shawara in shafa baƙin shuni a kai, in je kotu in yi rantsuwa in rage shekaru. Shi ya yi, har yau yana aiki. Mun yi baftisma rana ɗaya a rafi ɗaya, amma a takarda yanzu na zama yayansa da nisa. Akwai irinsu da yawa a garin nan, in ka bi lissafin wasu sai ka ga sun shiga firamare kafin a haife su. Ran Lahadi kuma su ne a layin gaba a majami'a, kai baƙi ƙirin, gemu fari fat, suna rera waƙar gaskiya. Na ce masa ya riƙe shuninsa.

Ana cikin haka sai wani kamfani mai sayen citta yana fitar da ita waje ya buɗe ofis a Kachia. Cutar ta taɓa su su ma, don ba abin da za su saya. Suka ce za su raba wa manoma iri mai lafiya, suna neman babban jami'in gona da zai kula da aikin tun daga Kachia har Gwantu. Akwai mota, akwai kuɗin asibiti, albashin kuwa da na ji shi sai da na sa aka maimaita mini. Ba su yi maganar shekaru ba ko kaɗan, cewa suka yi wanda ya fi sanin ƙasar da manomanta shi suka fi so. Babu ƙauyen da ke tsakanin garuruwan nan biyu da ban sha ruwansa ba. Na nema, ba da daɗewa ba saƙo ya shigo wayata cewa in zo intabiyu. Matata ta karanta saƙon, ta mayar mini da wayar, ta daina tara kwali.

Na yi sammako na bi ta Zonkwa, na isa Kachia kafin kowa. Ofishin wani tsohon sito ne da aka yi wa fenti, har yanzu yana ƙamshin busasshiyar citta. An ajiye dogon benci a baranda don masu neman aiki. Na zauna a kansa da kwat ɗina da jakata a cinya, raina fari, ina maimaita abin da zan faɗa.

Mutum na farko da ya iso shi ne shugaban masu yin tambayoyin, wanda kamfanin ya ɗauka yana ba su shawara. Na san shi tun yana yawo ba wando. Ubansa malamin majami'a ne a ƙauyen da na fara aiki, abokina ne har ya rasu, shi kuma da yana karatu a wurina ya yi koyon aiki, inda ya fi ƙwarewa a neman inuwa. Yanzu ya haura arba'in, ya yi tumbi, yana riƙe da waya biyu. Yana hango ni ya cire hula.

"Baba, kai ne a kan benci? Allah ya kiyaye. Ka shigo ciki, Sa."

Na ce masa, "Intabiyu na zo."

"Mun sani, Baba, mun ga sunanka. Amma ba za ka zauna a waje da yara ba. Da babana yana da rai ya ji wannan, zai tsine mini."

Ya karɓe jakata ya yi gaba, na bi shi. Na ɗauka da ni za su fara, su sallame ni kafin rana ta yi. A ciki akwai dogon tebur da farin zane, da kujeru a bayansa, da wata kujerar roba guda ɗaya a gabansa. Na nufi ta robar, ya tare ni, ya zaunar da ni a gefe, ya ce a jira sauran. Sauran masu tambayar su biyu ne, mace da namiji daga Kaduna, suka zo suka gaishe ni hannu bibbiyu. A waje kuma ina jin benci yana cika.

A ƙasarmu ba a fara komai ba addu'a, ko rabon taki ne, ko taron masu babur. Kuma ba kowa ke yin ta ba, wanda ya fi kowa shekaru a wurin shi ake ba wa, in babu fasto. Shugaban ya sa aka kira masu neman aikin duka suka shigo suka jeru a tsaye, matasa maza da mata, kowa ya sha guga. Sai ya juyo wurina.

"Baba ne babba a nan. Shi zai buɗe mana."

Wanda bai san mu ba zai ce me ya hana ka ƙi. Dattijon ikilisiya, a ce ya yi addu'a ya ce a'a, a gaban yara? Kafin in koma Kafanchan labarin ya riga ni, ran Lahadi kuma sai an tambaye ni ko lafiya tsakanina da Ubangiji. Na miƙe na tsaya a gaban tebur ina fuskantar matasan, aka sunkuyar da kai. Na yi addu'a, kuma na iya ta, wannan ba yabon kai ba ne. Na roƙi Ubangiji ya warkar da ƙasarmu, ya ba masu zaɓe hikima, ya ba da aikin ga wanda ya cancanta ba tare da duban fuska ba. Kaina nake nufi, Shi ma ya sani. Aka ce amin da ƙarfi.

Da na buɗe ido, an riga an ƙara kujera mai katifa a bayan tebur, dama da shugaban, an ajiye ruwan gora a gabanta. Matasan suka koma benci. Shugaban ya ja mini kujerar, ya ce in zauna nan tukuna, ba zai yiwu a yi mini tambaya yara suna ji ta taga ba, sai sun watse. Maganar ta shiga kunnena. Na zauna.

Aka shigo da na farko, wani mai jan taye. Sai na ji irin tambayoyin da ake yi wa mutumin da za a tura ya ceci citta daga ruɓa. Shugaban ya gyara murya ya tambaye shi da Turanci a ina yake ganin kansa nan da shekara biyar. Matar ta tambaye shi mene ne rauninsa. Ya ce rauninsa shi ne yana son aiki fiye da kima. Suka gyaɗa kai suka rubuta. Ta biyu ta shigo, ita ma rauninta ke nan. Na uku ma haka. Ban taɓa sanin ƙasarmu ta cika da masu ciwon son aiki haka ba, ga gonaki kuwa duk ciyawa. Ba wanda ya ambaci citta, sai ka ce sunanta abin kunya ne.

Ina jin tsaki yana taso mini ina haɗiyewa. Ina tsammanin fuskata ce ta tona ni, don shugaban ya karkato ya ce, "Baba, ko akwai abin da za ka ƙara?"

Na tambayi yaron da ke kan kujerar roba, in ya shiga gona ya ga ganye ya fara ɗorawa a kusurwa ɗaya, me zai fara yi. Ya ce zai rubuta rahoto. Daga nan kuma shi ke nan, duk wanda ya shigo sai su yi nasu su gama su juyo su dube ni. Ni kuma na saki jiki, ina ganin ai wannan ma intabiyu ne, suna ji da kunnensu abin da na sani. Har wani daɗi nake ji, ban ɓoye ba. Na daɗe ba wanda ya tambaye ni komai sai lafiyar gwiwa.

A cikinsu duka mutum ɗaya ne ya san abin da ya zo yi. Wani siriri ne mai kimanin shekara talatin, rigarsa ta sha wanki, ɗan manoma daga wajen Fadan Kaje da ya karanci aikin gona. Da aka tambaye shi rauninsa ya shiga kame-kame, na ga matar ta taɓe baki. Da na yi masa tawa tambayar sai ya ce zai fara duba ta inda ruwa yake gangarowa, ya tambayi mai gonar inda ya sayo iri, kuma ba zai fita daga wannan gona ya shiga wata da takalmin da ke ƙafarsa ba. Na ji ya kwanta mini a rai. Na ce a zuciyata in na kama aiki zan nemi a ba ni shi mataimaki.

Rana ta take sai ga wata baƙar mota ta tsaya. Manajar kamfanin ce daga Legas, wadda a hannunta maganar take, doguwar mace mai tabarau, ba ta jin Hausa. Kowa ya miƙe. Shugaban ya gabatar da mutanen Kaduna, sannan ya dafa bayan kujerata ya shiga zuba Turanci. Ya ce wannan ubanmu ne, dattijon yankin nan, wanda ya koya masa duk abin da ya sani, sun gayyato ni ne in taimaka musu da basirata. Gayyato, haka ya ce, ko ƙifta ido bai yi ba. Na buɗe baki, kafin in ce uffan matar nan ta rusuna har ƙasa irin na mutanensu, ta kama hannuna, ta ce ta ji daɗi ƙwarai da aka sa dattawan gari a cikin zaɓen, abin da kamfaninsu yake alfahari da shi ke nan. Wani ya ɗauke mu hoto.

Me zan ce a nan? In ce mata ƙarya yake yi, ɗan abokina, a gaban mai ba shi abinci? Ko in ce, 'yata tashi, ni ma roƙo na zo yi? Mace tana durƙushe a gabanka tana kiranka uba, ba a lokacin ake miƙa mata takardar neman aiki ba. Na sa mata albarka, na ce wa kaina in an gama zan gyara maganar.

Aka ƙarasa sauran, aka kawo dafa-duka a roba. Ana ci manajar ta juyo ta tambaye ni wa na gani a cikinsu. A cikinsu ta ce, su da ke kan benci. Na faɗa mata gaskiya, siririn nan. Mutanen Kaduna suka so mai jan taye, ta ce a'a, maganar Baba za a bi, ai don haka aka kira shi. Ta rubuta, ta dubi agogo, ta ce jirginta ba zai jira ta ba. Ina wanke hannu na ji tashin motarta.

Na sami shugaban a baranda yana magana a waya ɗaya, ɗayar tana ƙara. Na jira ya gama. Bencin ba kowa.

Na ce, "Yara sun watse. Nawa intabiyun fa?"

Ya dube ni da mamaki na gaske. "Haba Baba. Ni in zauna in yi maka tambaya a kan citta? Wane ni. Ai kai ka wuce intabiyu."

"To aikin fa?"

"Ka bar shi a hannuna, Sa. Zan yi magana da Madam."

Ya cusa mini ambulan a aljihun kwat, wai kuɗin mota, ya sa direbansa ya kai ni tasha. Ya buɗe mini ƙofa da kansa, ya ce in gaida Mama.

Bai kira ba sai da na kira shi har na gaji. Da ya ɗauka, gaisuwa ta ci rabin katin. Sannan ya ce ya yi magana da Madam, amma dokar kamfani ta hana a ɗauki wanda ya zauna a cikin masu zaɓe, kuma an riga an ba yaron nan takarda. "Amma Madam ya ce ya ji daɗinka sosai, Baba. Ya sa hotonka a rahoto." Ya faɗe shi da murna, yana jiran in gode.

Matata ta ce makirci ne, tun farko ya shirya don kada in zo in fi shi a idon masu kamfanin. Ni ban yarda ba. Na san shi, ba shi da kan da zai ƙulla wannan. Da makirci ne ma da na fi samun sauƙi, don mai yi maka makirci ya ɗauke ka a bakin wani abu. Shi wannan har zuciyarsa ya gaskata ya kyauta mini. Ya ga tsoho a kan benci, ya yi abin da aka koya masa a gida, ya ɗauke shi ya ajiye inda ake ajiye tsofaffi. Ko sau ɗaya bai zo masa a rai cewa mai furfura yana iya jin yunwa ba. Na tabbata ya kwana yana yabon kansa a kan tarbiyya.

Abin bai tsaya nan ba. Hoton ya zaga wayoyi, ran Lahadi bayan sujada mutane suka yi mini caa. Wai kamfanin Legas ya kira ni alƙalanci. Wai ni nake raba aiki a Kachia. Fasto ya ambace ni a sanarwa, ya ce ga abin da ake nufi da tsufa mai daraja, zumuntar mata suka yi guɗa. Abokina mai shuni ya matse mini hannu ya ce ashe ina da hanya na ɓoye masa. A cikin satin mutane suka riƙa sallama a ƙofar gidana da 'ya'yansu masu digiri, in sa baki a ɗauke su. Waɗanda na yi wata da watanni ina bin ofisoshinsu suna ba ni lemo, su ma suka turo nasu. Na ba kowa ruwa, na yi wa kowa rakiya har bakin titi, na ga ashe ba wuya.

Na ƙara buga wasu ƙofofin kafin shekara ta ƙare, ba abin da ya fito. Ɗana bai tuna mini alkawari ba, ya dai kira ya tambayi uwarsa girman motar da za ta ishe mu. Ban yi gardama ba, na riga na ba da kalmata. Na ba ƙanena gonar Fadan Kaje, na sayar da babur.

Da safen ranar da motar ta zo, ana cikin ɗora katifa, sai ga baƙi biyu a ƙofa. Siririn nan ne, ya ɗan yi ƙiba, yana sanye da riga mai tambarin kamfani, tare da ubansa, wani manomi sa'ana, riƙe da zakara da galan na zuma. Sun yi ta tambaya har suka gano gidan. Kujerun duk suna cikin mota, sai muka tsaya a tsakar gida.

Uban ya ce, "Malam, mun zo godiya ne. Yaro ya faɗa mini kai ne ka tsaya masa. Ba mu san kowa ba, ba mu da kowa. Matana ya ce ko ba komai sai mun zo mun ga fuskanka."

Na ce masa yaron ne ya tsaya wa kansa, kuma gaskiya ce. Na tambayi yaron aikin, ya ba ni labarin irin da suke rabawa da ƙauyukan da ya zaga, duk na san su, har da sunayen masu unguwanninsu. Yana yin abin daidai. Na so in sami inda ya yi kuskure, ban samu ba. Sai ya durƙusa, uban ma ya cire hula, suka ce in sa masa albarka kafin in tafi.

Yana durƙushe ya ɗago kai yana murmushi. "Baba, gaskiya ranar nan ban sa rai ba sam. A kan benci ana ta cewa akwai wani tsohon malamin gona daga Kafanchan da ya nema, wai in ya zo kowa ya kama hanyan gida kawai. Muna ta duba hanya. Sai Allah ya taimake ni, bai zo ba."

Uban ya ɗaga hannu sama. "Ubangiji ne ya tare masa hanya."

Matata tana fitowa daga ɗaki da tukunya a hannu, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Su biyun suna dubana, suna jiran abin da dattijo yake cewa in an ambaci aikin Ubangiji.

Na ce, "Amin."

Na ɗora hannu a kansa na sa masa albarka, cikakkiya, ban rage komai ba. Suka tafi suna godiya. Direba ya ɗaure zakaran a bayan mota kusa da katifa, ya zagayo yana share hannu, ya tambaye ni ko akwai sauran kaya. Na ce masa saura ni.